Ɓarawon da Ya Goge Tebur

Da aka dawo daga sallar azahar aka buɗe ɗakin kimiyya, na'urori biyu aka tarar a kan teburin ajiya maimakon uku. Ta Gummi tana nan, ta Bukkuyum tana nan. Ta 'yan matan Anka, wadda suka raɗa wa suna Buzuzu, babu ita babu dalilinta.

Sufeto Rabe yana gindin darbejiya, ya tuɓe takalmi ɗaya yana matsa ƙafar da ta kumbura, Malama Naomi ta zo ta tsaya a kansa. Bai ɗaga kai da wuri ba. An turo shi ne ya yi gadin gasar yara, shi kuwa ya ɗauka ranar hutu ce Allah ya jefo masa bayan watanni yana bin sawun shanun sata a daji. Ya ji abin da ta ce, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da takalmin.

Gasar mutum-mutumi ce ta ɗaliban sakandare na Anka da Gummi da Bukkuyum, karo na farko, a shekarar 2017. Suna ne kawai mutum-mutumi. Abin ya fi kama da gwangwanin kifi mai taya, yana bin baƙin layi a kan farar leda, wanda ya riga kaiwa ƙarshe bai kauce ba shi ya ci. Naomi, malamar kimiyya 'yar kudancin Kaduna, ita ta ɗauki ɗawainiyar shirya komai, har ta rame a kai. Ta zaɓi Asabar don kada a shiga Juma'ar wasu ko Lahadin wasu. Ta aro janareta, ta gayyato alƙalai daga Gusau, ta raba wajen gyaran na'ura, na maza daban na mata daban, don iyaye su yarda, ta ɗauko mata masu girki. Ta kuma kafa doka cewa da an tafi hutun rana a kulle na'urorin wuri ɗaya don kada wani ya taɓa na wani.

Wata dokar tata ce yanzu ta tsaya mata a wuya. Duk na'urar da ba ta kan teburin alƙalai lokacin da aka kira la'asar, an fitar da ita, ta uku ta maye gurbinta. Ta yi haka ne saboda yaran Bukkuyum, waɗanda wasunsu sai sun hau babur har Zugu, hanyar da ba mai bin ta idan rana ta yi sanyi. Anka da Gummi ne za su kara a wasan ƙarshe, wanda ya ci ya wakilci yankin a Gusau. 'Yan matan Anka kuwa ɗalibanta ne, idan ta sassauta musu za a ce ta yi son kai, gasar ta mutu daga bana. Shugabarsu Zinatu tana ajin ƙarshe, ba ta da wata shekarar.

Rabe ya hana kowa shiga, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo. Kwamfutar 'yan Gummi tana nan a buɗe. Wayar Naomi tana nan a jikin caji. Ya tambayi abin da ya ɓata ban da Buzuzu, Naomi ta dudduba ta ce babu naɗin wayar dalma da ake liƙi da ita, babu kuma tsumman da Zinatu take goge hannu. Ya shiga ya shafa teburin. Gefen Anka da damshi, yana ƙanshin omo. Ƙasan wurin ma an goge shi da ruwa tas, alhali sauran ɗakin ƙura ce har da sawun takalma.

Naomi ta ce wataƙila ɓarawon zanen yatsunsa yake ɓoyewa. Rabe ya dube ta da tausayi. Ya ce tun da ya shiga aikin nan bai taɓa ganin hodar ɗaukar zanen yatsa da idonsa ba sai a talabijin, kuma ɓarayin Anka sun fi shi sanin haka.

Ya fara da Nuhu, mai kula da janareta, wanda aka ba mabuɗi.

"Wa ad da mabuɗin ɗakin ga?"

"Ni ad da shi, Yallaɓai."

"Ina kat tahi da anka tashi?"

"Masallaci. Mabuɗin na aljihuna har nid dawo."

"Ƙohwa guda ta?"

Nuhu ya sosa ƙeya. Ya ce akwai ta baya, amma ai ba a ƙirga ta, sakata ce kawai, kuma tun safe a buɗe take saboda duron ruwa yana ciki, masu girki suna ɗiba. Naomi ta dafe goshi. Ta tsara wanda zai riƙe agogo, da wanda zai manna layi idan ya ɗago, da wanda zai raka alƙalai cin abinci, ta manta ɗakin yana da baya.

Nuhu bai da laifi, Rabe ya san haka, don sahu ɗaya suka yi salla. Malam Namadi na Bukkuyum da yaransa ma suna wannan sahun, kuma da aka ce masa ɗalibansa za su iya shiga wasan ƙarshe, sai mutumin ya dubi rana, ya ce shi dai a sallame su da wuri.

Saura Malam Matthew, malamin 'yan Gummi. Tun kafin Rabe ya nemi shi, samarin gari da suka zo kallo sun riga sun yanke masa hukunci. Shi ne bai je masallaci ba. Shi ne kuma aka ji da safe yana gardama da alƙalai cewa Buzuzu ta fi faɗin da doka ta yarda. An fara taruwa a ƙofar zauren gasar ana ƙus-ƙus, irin ƙus-ƙus ɗin da Rabe ya sha ganin inda yake ƙarewa, kuma ba ya da ƙarfin sake gani.

Ya ja Matthew gefe.

"Kai kac ce na'urarsu ta yi hwaɗi?"

"Ni na ce. Aka auna, aka ce ban yi daidai ba, na yi shiru."

"Lokacin hutu kana ina?"

"A zaure, a durƙushe. Layin ya ɗago a kwana ta biyu, ni da alƙalai muka sake manna shi. Ko abinci ban ci ba."

Ya nuna gwiwoyin wandonsa, sun yi fari da ƙura. Alƙalan suka tabbatar bai motsa daga wurin ba. Matthew ya ƙara da cewa, cikin ɗacin rai, idan da mugunta yake nufi ai waya ɗaya zai tsinke a ciki ya tafi abinsa, ba wanda zai gane sai an sa ta a layi. Rabe ya yarda da wannan. Mai son cin gasa ba ya ɗaukar tsumma, ba ya kuma tsayawa goge tebur. Ya fita ya ce wa samarin malamin Gummi ba ya ciki, duk wanda ya sake ambatar sunansa a ofis zai kwana. Suka watse suna gunaguni.

Zinatu tana wajen gyaran mata tare da ƙawayenta, ba ta kuka, ta dai ƙura wa ƙasa ido. Doguwa ce siririya, da ƙunar ƙarfen liƙi a ɗan yatsa. Rabe ya zauna a benci, ya ce ta faɗa masa duk abin da ya sami Buzuzu tun safe, kada ta tsallake komai.

Ta ce a zagaye na biyu waya ta tsinke a ƙarƙashin idon na'urar, wato ɗan abin da yake ganin layi. Alƙalai suka ba su ɗan lokaci su gyara. Dalmarsu ta ƙare, sai Malama Naomi ta ɗauki lasifika ta yi cigiya, ta ce a kawo dalma ga 'yan Anka, a kawo dalma da sauri. Malam Matthew ne ma ya ba su tasa. Wutar zaure ba ta ɗaukar ƙarfen liƙi, don haka ta fita bayan ɗakin kimiyya, kusa da janareta, ta tsuguna a ƙasa ta yi liƙin a can.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba. Hannu guda ƙarhe, hannu guda na'ura."

"Dalmar hwa, wa ar riƙe miki?"

Ta ɗan ji kunya. Ta ce da haƙori ta riƙe, haka take yi idan ana sauri, Malama ta sha hana ta.

Rabe ya tashi da ƙyar ya zagaya bayan ɗakin. Fili ne mai ƙasa fara-fara, janareta a gefe, can gaba kuma murhun masu girki. Daidai inda Zinatu ta nuna, an kankare ƙasar sama da fartanya, zurfin ɗan yatsa, faɗin tabarmar salla. An kwashe abin da aka kankare, an zuba jar ƙasa sabuwa a gurbin, an daddaɓe ta da kyau.

Ya shafa jar ƙasar da hannu. Ya san wannan aikin. A shekarar da gubar dalma ta riƙa kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, shi aka haɗa da masu aikin tsabtace gidaje, yana raka su ƙauyukan Dareta da Abare. Gida-gida suka bi. A kankare ƙasar tsakar gida, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo jar ƙasa daga nesa a shimfiɗa. Ana tara mata ana koya musu cewa ba a share ƙurar dalma da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, tsumman ma ba a ajiye shi. Abin da ya wanku a wanke, abin da ya ƙi a binne. Ya ɗauka ya manta da waɗannan gidaje masu shiru, ashe suna nan.

Ya koma ya tambayi Zinatu inda aka haife ta. Ta ce Dareta, bayan rasuwar ƙannenta ne suka dawo Anka.

Masu girki suna wanke tukwane. Ya gaishe su, ya yaba shinkafar, sannan ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun ga yarinyar da ta yi liƙi a nan da safe. Hamsatu, shugabarsu, ta ce wa bai ga Zinatu ba, yarinya da kan injiniya. Ta biyu ta ce ta ga Zinatu, ta uku ma haka. Ta ƙarshe, wata mace mai suna Iyatu, ba ta ɗago daga tukunyar da take gogewa ba.

"Na ga waccan," in ji ta.

"Wace?"

"Waccan dai."

Mace ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta kuma nuna ta san da zamanta a bainar jama'a. Shi ya sa Naomi, wadda ta ɗauke su aikin ta hannun Hamsatu, ba ta san uwar shugabar ɗalibanta tana bayan ɗaki tana tuƙa miya ba. Rabe ya dubi bakin zanen Iyatu, da jar ƙasa. Ya dubi fartanyar da aka jingine a bayan itacen wuta, bakinta a wanke.

Ya roƙi sauran matan su ɗan matsa. Ya jawo turmi ya kife ya zauna, don ƙafar ta gaji da shi.

"Uwar Zinatu, ba kama ki niz zo yi ba. Ina kinka kai buhun?"

Ta ci gaba da guga kamar ba da ita ake ba. Sai da tukunyar ta yi ƙyalli sannan ta ajiye soso.

"Yallaɓai, da kunnena nij ji. A kawo dalma, a kawo dalma, har da lasihika, kamar ana rabon goro. Nil leƙo, nig gan ta tsugune, abin na bakinta." Ta taɓa leɓenta. "Ɗiya biyu nib bizne Dareta, sati guda. Ko ɗaya bai ci ta da gangan ba, ƙura ta kawai. Wagga ko ta sa a baki."

"Mi as sa ba ki yi ma malamarsu magana ba?"

"In ce mi? Sun yi boko, ni ban yi ba. Cewa za su yi kaɗan ta. Wancan karon ma cewa anka yi zazzaɓi na."

Ta ce ta jira aka watse. Ta shiga ta ƙofar baya, ta ɗauko abin da dalmar da tsumman, ta goge wurin. Ta sa na'urar a cikin bahon ruwan omo ta dirje, don ba ta so ta raba yarinyar da abinta, ta san wahalar da ta sha a kai. Amma ɗigon dalmar ya ƙi fita, yana nan yana ƙyalli a jikin wayoyin. Da ta ga haka sai ta haɗa da ƙasar da ta kankare a buhun shinkafa, ta kai bayan katanga, gefen kududdufi, ta binne.

Da Rabe ya ji maganar baho, ya san Buzuzu ta mutu. Duk da haka ya aika aka kira Naomi da Zinatu, ya faɗa musu inda aka binne ta, sannan a taƙaice yadda ya gane. Ɓarawo na neman abin sayarwa ne, wannan ya bar kwamfuta da waya. Abokin hamayya ɓarna zai yi ya bar na'urar a wurinta. Wanda ya ɗauki dalma da tsumma, ya goge da ruwa, ya canza ƙasa, tsoron abin yake ji, kuma an koya masa yadda ake jin tsoronsa. A nan kusa, wanda aka koya wa haka kuma yake iya shiga ta ƙofar baya ba a tambaye shi ba, mutum ɗaya ne.

Zinatu ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta ruga bayan katanga, ta durƙusa, ta shiga tono da hannu kafin a kawo fartanya. Ramin ya yi zurfi, Iyatu ba ta yi aikin wasa ba. Da aka jawo buhun aka kwance, Buzuzu ta fito jiƙe, taɓo ya cika tayoyinta. Da batirin a jiki aka tsoma ta. Matthew ya zo da gudu da nasa batirin da burushi, shi da Zinatu suka goge, suka hura, suka shanya a kan murfin tukunya, suka haɗa. Ko ƙyaftawa fitilar na'urar ba ta yi ba. Suka sake, suka sake. Matthew ya shinshina allon wayoyin cikinta ya girgiza kai.

Iyatu tana tsaye nesa kaɗan. Sai yanzu ta yi magana, kuma Naomi ta yi wa.

"Malama, ki hwaɗa min gaskiya don Allah. Abin ga da kuka liƙi da shi, akwai dalma ciki ko babu?"

Naomi ta buɗe baki. Rabe ya ga tana neman hanyar da za ta ce kaɗan ce, ba irin waccan ba ce, duk duniya da ita ake yi. Sai ta dubi matar, ta fasa.

"Akwai, Inna."

Iyatu ta gyaɗa kai.

Ladan ya kira la'asar. Naomi ta juya ta nufi zaure tana jan ƙafa, don ita ce za ta sanar. Kafin ta tafi ta ce wa Rabe ba ta da ƙara a kan kowa. Shi ma bai yi niyyar rubuta komai ba, me zai rubuta? Ya ji gajiya ta sauko masa, wadda ba ta ƙafa ba ce, ya ji haushin kansa da bai zagaya bayan ɗakin tun farko ba, ko da yake ya san da ya zagaya ma ruwan ya riga ya shiga.

Zinatu tana durƙushe a bakin ramin, Buzuzu a cinyarta. Shekara guda ta yi tana haɗa ta. Ƙawayenta suna kuka, ita ba ta yi ba. Ta ɗago ta dubi uwarta, ta daɗe tana duban ta, kuma Rabe ya shirya shiga tsakani idan magana ta yi zafi.

"Inna, Gusau za ni da ita," in ji ta.

"Na sani."

Iyatu ta koma wajen murhu. Ta dawo da buta da sabulu, ta tsuguna a gaban yarinyar, ta jira. Daga zaure lasifika ta fara kiran Gummi da Bukkuyum su fito wasan ƙarshe, aka ɗauki tafi. Zinatu ta ajiye na'urar a ƙasa, ta miƙa hannuwanta biyu, jajur da ƙasa, farce ɗaya ya fashe yana jini. Uwar ta riƙe su ta shiga wankewa, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce, yadda ake yi wa yaron goye. Da ruwan butar ya ƙare ta tashi ta ɗebo wani.